Garma Mai Fatan Alheri

Labari iri biyu ne ke yawo a danginmu game da abin da ya faru a maƙerar Baffa Hamidu, na kuma san kun ji duka biyun. Masu sona sukan ce na tsaya gaban alƙalin Turawa a Jos na kayar da wani babban kamfani da ruwan Turanci. Wasu daga cikin jikokin Baffa kuwa sukan ce tsorona ne ya hana kakansu arzikin Garwa. Na farkon ba gaskiya ba ne ko kaɗan, domin ba a taɓa taka ƙofar kotu ba. Na biyun ban ce ƙarya ce zalla ba, amma akwai abin da ake tsallakewa in ana ba da shi. Tun da ƙarfi ya fara ja baya, na ga gara in rubuta muku yadda na san abin, iya abin da kaina ya riƙe, inda na yi shakka kuma zan faɗa.

Baffa Hamidu ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwarsa. Maƙeri ne a Gwallaga, haka ubansa, haka kakansa. Ni kaɗai ne a gidan hannuna bai taɓa shiri da masaba ba. In aka ba ni zugazugi sai in yi ta kallon tartsatsi ina ja da baya, har wuta ta kwanta. Ina jin wannan ne ya sa da aka zo neman yaron da za a kai makarantar boko bai yi dogon tunani ba. Karatu ya yi ta jana har ya kai ni Ingila, na karanto shari'a, na dawo Bauchi da bazarar da ta gabaci shekarar 'yancin kai. Ina zaune a gida ina jiran a kira ni aiki Kaduna. Mutanen unguwa suka sa mini Lauya, ni kuwa a raina na san ko mutum ɗaya ban taɓa karewa ba.

Na tarar maƙerar ta canja. Da can fartanya da lauje da gatari ne aikinta. Yanzu garmar shanu ta cika rumfar, wadda ake ɗaura wa bijimai biyu su ja su yi huɗa. Asalin irin wannan garma daga Ingila ake kawo ta, tana da tsada, in bakinta ya karye kuma sai a yi ta jiran wani daga Jos har damina ta wuce. Wani manomi Bafulatani a Miri, Malam Buba, shi ya fara kawo wa Baffa tasa gyara. Baffa ya gyara, ya sake gyarawa, ran nan sai ya kwance ta ɓangare ɓangare ya zuba mata ido, ya samo tsohon sifirin mota ya ƙera irinta. Ya ƙara wa bakin kauri, domin ƙasarmu akwai duwatsu. Manoma suka yi ca a kansa.

A kafaɗar garmar Malam Buba akwai wani rubutun boko da ya fito a jikin ƙarfen: haruffa shida, P, A, T, E, N, T, sai wasu lambobi a gaba. Baffa ya tambayi wani malamin gona abin da aka rubuta. Kun san bakinmu bai raba P da F ba. Malamin ya duba ya ce, “Fatan.” Baffa ya ce fatan me? Malamin, wanda ina zaton shi ma bai sani ba, ya ce ai sauran a lambobi suka sa. Baffa ya kaɗa kai, ya ce ashe Nasara ma sun san fatan alheri. Daga ranar duk garmar da ya ƙera sai ya ɗauki kurfi ya sassaƙa mata wannan rubutu, harafi bayan harafi, har lambobin, bai rage ko ɗigo ba. Manoma suka sa mata suna mai fatan alheri. Har ana cewa gonar da aka huɗe da ita tsutsa ba ta kama ta.

Ban daɗe da dawowa ba, wata safiya muna zaune a rumfa sai ga Mista Ike. Mutumin kudu ne, yana da kanti kusa da kasuwa, shi ke sayar da garmar Ingila a madadin wani kamfani na Jos. Sun saba da Baffa ƙwarai, shi ma Baffa ne ke yi masa ƙyauren ƙarfe da sakata. Ranar ya ƙi zama a tabarma, ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

“Baba, ni ba ya so wahala, Allah ya sani. Amma manaja namu ya zo kasuwa jiya, ya gani garma naka. Ya yi ja kamar tattasai. Ya ce za a kai ka kotu a Jos, za a kwashe kayan aiki duka.”

“A kan me? Na saci ƙarfensa ne?”

“Ya ce ka saci fatan nasa.”

Baffa ya yi dariya har ya buga cinya. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin an kai mutum ƙara don ya yi wa manoma fatan alheri ba. Ya juyo gare ni don in taya shi dariyar, sai ya ga ban yi ba. Na tashi na duba kafaɗar wata garma da ke jingine. A nan na yi masa bayani, da kyar, cewa kalmar ba addu'a ba ce. Sunan wata takarda ce da gwamnati ke ba wanda ya fara ƙirƙiro abu, cewa har wasu shekaru ba mai ƙera irinsa ya sayar sai da izininsa. Lambobin kuma lambar takardar ce. Wato Baffa ya kwaikwayi garmar mutane, sannan ya rubuta a jikinta da hannunsa cewa an hana kwaikwayo.

Ranar ba a hura wuta ba, haka washegari. Ku da kuka tashi kuka tarar da albashi ba lallai ku gane nauyin wannan ba. Garma kafin saukar ruwa ake sayenta. Hadari ya riga ya fara leƙowa ta gabas da yamma, manoman Miri da na ƙauyukan bayan Gwallameji sun yi alkawari da Baffa, wasu sun sayar da awaki suna jira. In ruwa ya sauka bai ƙera ba, shekarar ta tafi, sunansa ma ya tafi. In ya ƙera kuma aka zo aka ɗauke uwar maƙera, wadda ya gada daga kakansa, to gidan ne gaba ɗaya ya tafi. Ya kira ni zaure.

“Sa'idu, an ce ka karanta shari'ar Nasara har ƙasarsu. Tambaya ɗaya zan yi maka. In hura wuta ko kada in hura?”

“To, Baffa, abin ya danganta. Mai yiwuwa takardar tana da rai, mai yiwuwa kuma wa'adinta ya cika. Ko tana da rai a Ingila, ba lallai ne ƙarfinta ya iso nan ba, sai in an yi mata rajista a Ikko, hedkwatar gwamnati. Sai dai kuma ko da ba a yi ba…”

Goggo Adama, matar Baffa, tana bayan ƙofa da ƙwaryar fura. Ta leƙo.

“Malam, ka bar wahalar da kanka. Wannan ko ka tambaye shi sunansa sai ya ce mai yiwuwa. Jirgi ya kai shi, jirgi ya dawo da shi, tsarabarmu ke nan, mai yiwuwa.”

Ban ji haushinta ba, don ita ta goye ni. Kuma a gaskiya wannan fanni na shari'a ba mu zurfafa a cikinsa ba, an dai bi da mu ta gefensa. Littattafan da zan duba suna Ikko, ni kuwa ina Gwallaga. Na roƙi Baffa ya ba ni 'yan kwanaki. Ya ce ba shi zan roƙa ba, hadari zan roƙa.

Abin da na riƙe sosai shi ne a dokar Ingila ta wancan zamani irin wannan takarda shekara goma sha shida take rayuwa. Sai na yi tunanin cewa takardar ba za ta kasance ƙanwar garmar da aka buga lambarta a jiki ba. Dole ta girme ta, ko su zo sa'a ɗaya. In na san shekarun garmar, na san mafi ƙarancin shekarun takardar. Na ari keke na tafi Miri. Na sami Malam Buba a gindin tsamiya yana gyaran igiyar bijimansa. Bayan mun gaisa, na tambayi shanu, ya tambayi Ingila, na ce yaushe ya sayi garmarsa.

“Kai, ɗan maƙera, wa ke ƙirga shekarun ƙarfe?”

“Kawu, ko da wani abu da ya faru a shekarar.”

Ya tauna asawaki, can ya ɗaga murya ya kira wata mata da ke shanya dawa. Ta zo da goyo a baya, wata 'yar budurwa na biye da ita. Ya nuna mai goyon ya ce wannan 'yarsa ce Dije, ranar da aka kawo garmar tana rarrafe, har ta kama bakin ta yanke yatsa, uwarta ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. Dije ta nuna mini tabon tana dariya. Ta ce 'yar budurwar da ke biye da ita ita ce 'yarta ta fari, ta soma azumi bara. Ke nan garmar ta haura shekara ashirin nesa ba kusa ba. Na hau keke na juyo, rabin hanya ina murna, sauran rabin ina tuna cewa bayan yaƙin Hitila an ƙara wa wasu takardun wa'adi. Na lissafa, na sake lissafawa, na ga ko da ƙarin da wuya ta kawo yanzu. Amma da wuya ba babu ba ce, wannan ya hana ni sakewa.

Daga nan na je wurin wani tsohon alƙali, abokin mahaifina, wanda ya ajiye aiki yana karantarwa a zaurensa. Na san kamfanin ba zai kai ƙara gabansa ba. Na je ne don na san Baffa ya fi jin tsoron hukuncin littafi da na Jos. Ya saurare ni idonsa a rufe.

“Ƙarfen nasa ne?”

“Nasa ne, Allah gafarta Malam.”

“Gawayin nasa? Gumin nasa? To ni ban ga sata ba. A abin da na karanta, ido ba ya sata. Wanda ya ga tukunya ya gina irinta ba a yanke masa hannu. Amma rubutun nan, masu saye suna ɗauka daga ina garmar ta fito?”

Na ce mutanen kusa sun san ta Baffa ce, amma in ta yi nisa, aka sake sayar da ita a wata kasuwa, mai yiwuwa wani ya ɗauka ta Ingila ce. Ya buɗe ido ya ce to nan ne algus zai iya shigowa, ko da mai yin bai nufa ba, kuma algus haram ne. Abin ya ba ni mamaki, domin ita ma dokar Turawa a daidai nan ta fi tsauri. Ko takarda ta mutu, ba a yarda ka sa wa kayanka alamar da za ta sa a ɗauka na wani ne ba. Hanya biyu da ba su san juna ba suka kawo ni ƙofa ɗaya.

Ana cikin haka sai ga maganar Garwa. Wani falke da ke kai goro da gishiri can ya ga garmar a Miri, ya zo ya ce yana son Baffa ya riƙa ƙera masa ba iyaka, ya loda a mota ya kai ƙasar Kamaru, inda masu noman auduga ke nemanta. Sharaɗinsa ɗaya, a bar rubutun, don da shi zai sayar. Baffa ya kwana yana gina gidan bene a ransa. Ni kuwa abin da na sani game da dokar Faransawa kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin bai kwantar mini da hankali ba. Takardarsu ta fi ta Ingila tsawon rai. Ba sa tsananta binciken ko abin sabo ne kafin su bayar, sai an yi rigima a kotu ake tantancewa. Ban san ko kamfanin yana da takarda a can ba, ba ni da wanda zan tambaya. Ga shi ita ma ƙasar tana dab da karɓar mulkin kanta, ban san dokar da za ta tsaya bayan an sauke tuta ba. In aka kama kaya a Garwa, da wane harshe Baffa zai yi magana, gaban wa?

Wata la'asar iska ta taso mai ƙamshin ƙasa, aka yi tsawa ta wajen Miri, ko da yake ruwan bai iso gari ba. Baffa ya tsaya tsakar gida yana kallon sama, sannan ya kalle ni. Bai maimaita tambayarsa ba. Na haɗa duk abin da na tattaro na ce masa:

“Baffa, hura wuta.”

Goggo ta ajiye muciya.

“La ilaha illallahu! Yau Sa'idu ya yi magana ba jela.”

“Da jela, Goggo. Jela biyu. A daina rubutun, waɗanda ke rumfa ma a goge. Garwa kuma kada ko ɗaya ta je da sunanmu.”

Baffa ya ce rubutun ya ji, tun da tsohon alƙali ya ce algus ne. Amma Garwa fa? Na tabbata akwai haɗari? Na ce ban tabbata ba. Ya ce to don abin da ban tabbata ba zai saki arziki? Na ce abin da na sa shi hura wuta a kansa ma ban tabbata ba, sai dai a nan na auna ramin na ga zurfinsa, in mun faɗa za mu fita. Na Garwa ban ga ƙasansa ba. Daga baya ya aika aka gaya wa falken ya nemi wani.

Kada ku ɗauka abin bai ci komai ba. Falken ya sami wani maƙeri a wani gari, an ce ya yi arziki da shi, ban kuma taɓa jin an kama su ba. Wataƙila da Baffa ya yi, shi ma lafiya lau zai ƙare. Wataƙila kuma a'a. Har yau ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na sani ba. A nan gida ma wasu manoma da suka zo ɗaukar garma suka shafa kafaɗarta suka ji sumul, suka ce ina fatan? Wani ya fasa saye, ya ce ba zai kai garma bebiya gonarsa ba. Ni da Baffa muka yi makonni gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. In na shigo rumfa sai ya ƙara wa masaba ƙarfi.

Ni kuma na je kantin Mista Ike na ba shi saƙon baki ya kai wa manajansa. Na ce ya gaya masa mun cire rubutun, mun kuma ba da haƙuri a kansa, don rashin sani ne. Game da garmar kuwa, kafin ya ɗauki lauya ya tambayi manyansa abu biyu: takardar tana da rai har yanzu, kuma an taɓa yi mata rajista a Ikko? Mista Ike ya maimaita har ya haddace, ya hau motar Jos. Daga ranar duk motar da ta tsaya a bakin layinmu sai in leƙa in ga ko sammaci aka kawo. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi huɗa da garmunan Baffa, ni ina ta jiran ɗan sanda.

Dawa ta kai gwiwa ranar da Mista Ike ya dawo. Tun daga nesa na ga hular tana kansa. Ya shigo rumfa ya zauna a tabarma ba a ce masa zauna ba.

“Baba, magana ya mutu. Manaja ya tambaya Ikko, Ikko ya tambaya Ingila. Takarda ya mutu tun tuni, kuma ba a taɓa kawo shi nan ba sam. Manaja ya ce tun da ka cire rubutu, shi ba ruwansa.”

Na zauna a kan buhun gawayi da farar rigata. Baffa ya ce alhamdu lillahi sau uku, ya shafa fuska. Sannan ya dube ni, karon farko cikin makonni, ya ce in tashi daga kan gawayin mutane kafin Goggo ta ga rigar. Mista Ike ya ƙara da cewa shi ma yana son a riƙa ƙera masa bakin garma mai kauri ya ajiye a kanti, don na Ingila ba ya jure dutsen Bauchi, amma kada manaja ya ji.

Baffa ya shiga gida ya fito da goro cike da ƙwarya, farare manya, an rufe da ɗanyen ganye. Ya ajiye gaban Mista Ike. Ya ce a wurinsu maƙera, in wani ya fito da sabon fasali kai kuma ka ɗauka, kakan kai masa goro ka ce na gani a wurinka. Ba biya ba ne, ba kuma neman izini ba, don dai kada ka ci da hannun mutum ka yi kamar ba ka san shi ba. Da can bai san garmar tana da mai ita ba, ya ɗauka haka Nasara ke haƙo su. Yanzu da ya ji akwai wani maƙeri a Ingila da ya fara zama ya yi tunaninta, to a kai masa.

Na buɗe baki zan ce mai yiwuwa mutumin ya daɗe da mutuwa, sai na rufe. Mista Ike ya kalli goron, ya kalli Baffa.

“Baba, Ingila da nisa. Kafin ya kai, goro ya bushe.”

“Ranar da ka zo da faɗa, a madadin wa ka zo?”

“A madadin su.”

“To ci a madadinsu.”

Mista Ike ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya miƙa wa Baffa rabi, ya jefa rabi a baki. Ya tauna, ya yamutsa fuska don ɗaci, ya haɗiye.

“Ingila ya karɓa,” in ji shi.